Ƙwayar tiroyid don narkar da teɓa: amsa ga wani mai ɗaga ƙarfe a Zinder

"Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 26, ina sana'ar kabu-kabu a nan Zinder, kuma shekara uku ke nan ina ɗaga ƙarfe da yamma tare da ƴan fadarmu. Ƙirji da damtse sun fito, alhamdu lillahi, amma teɓa ta ƙi tafiya. Tsayina mita 1,75, nauyina ya kai kilo 88. Wani abokinmu da ya dawo daga tafiya ya zo da wata ƴar farar ƙwaya da ake kira T3, ya ce ita manyan masu gina jiki na waje suke sha su bushe kafin gasa. Yau kusan sati biyu ina sha, kilo 3 sun tafi. Sai dai gabana yana ta bugawa ko a zaune nake, hannuna na rawa, barci ya ƙi zuwa, gumi kuwa ba a magana. Abokin ya ce alamar tana aiki ke nan, in ƙara, in haɗa da wata wai ita clenbuterol. Ya ce ko ta ƙare, Levothyrox ɗin da innata take sha tun da aka yi mata aikin maƙoƙo za ta maye gurbinta. Aurena bayan Babbar Sallah ne, ina so in shiga da jiki mai kyau. Ƙwaya nawa ya kamata in riƙa sha, kuma har zuwa yaushe?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya alheri a auren, ya kai mu lokacin lafiya.

Adadin da ka tambaya ba zan ba ka ba, domin babu wanda zan rubuta maka in kwana da hankalina a kwance. Ka ajiye ƙwayar nan tun yau, kada ka ko taɓa clenbuterol, kuma cikin satin nan ka ga likita. In kuwa kafin ka je ka ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe maka, ko jiri ya ɗebe ka har ka faɗi, ko zazzaɓi mai zafi ya zo tare da ruɗewa, ko ƙafafunka suka ƙi ɗaukarka, to kada a jira gari ya waye. A kai ka sashen gaggawa na babban asibitin ƙasa na Zinder, da kwalin maganin a hannu.

Yanzu bari in faɗa maka dalili, don na san saurayi mai ɗaga ƙarfe ba ya barin abu saboda kawai wani dattijo ya ce ya bari.

A gaban wuyanka, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata ƴar halitta da nauyinta bai wuce giram 25 ba. Ita ce tiroyid, wadda in ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Da sinadarin aidin da ke cikin abinci da gishiri take haɗa sinadarai biyu da take saki cikin jini, T4 da T3. T4 ta fi yawa, wajen maikirogiram 80 zuwa 100 a yini, kuma ajiya ce kawai: hanta da ƙoda da sauran sassan jiki ne ke juya ta zuwa T3 kaɗan-kaɗan, daidai buƙata. T3 ita ce mai ƙarfin, kuma duk abin da jikin babban mutum ke samarwa a yini guda bai fi maikirogiram 30 ba, ko kusa da haka. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ƙwaya ɗaya ta Cynomel, sunan da ake sayar da T3 da shi a Faransa, maikirogiram 25 ce. Ka ga ke nan ƙwaya guda tak ta kusa kai aikin jikinka na awa 24. Wannan ma in ta gaskiya ce. Wadda aka zo da ita cikin jakar matafiyi, ba takardar likita, ba farmasi, ta sha rana a hanya, Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta da yawansa.

Tunda kai mai babur ne, sinadarin nan shi ne ralantin jiki, wato abin da ke saita gudun injin lokacin da babur ke tsaye. In ka murɗa ralanti sama, mai zai ƙare da wuri, ba musu. Amma injin zai yi ta kuka ko kana tsaye a bakin Kasuwar Dole kana jiran fasinja, yana zafi, yana cin kansa. Bugun da kake ji kana zaune, da rawar hannun, da gumin, da rashin barcin, su ne kukan. Likitoci suna da suna ga wannan hali, yawan sinadarin tiroyid a jini, kuma ciwo ne da ake ba mutane magani don su rabu da shi. Kai da kuɗinka ka saye shi.

Akwai kuma dalilin da ya sa abokinka ke cewa ka ƙara. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata halitta da ke lura da yawan sinadarin a jini, tana aika wa tiroyid umarni ta hanyar wani sinadari da ake kira TSH. Da zarar ta ga T3 ta shigo daga waje, sai ta rage umarnin, tiroyid ɗinka ta ja baya da nata aikin. Don haka ƙaramin adadi ba ya rage ƙiba, gurbin wanda jiki ya daina yi kawai yake cikewa. Adadin da zai sa sikeli ya motsa kuwa sai wanda ya haura iyakar lafiya. Babu wani matsakaici mai daɗi a tsakani da gwanaye suka sani suke ɓoye muku. Wannan ne ya sa hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta wajabta a buga gargaɗi cikin baƙin akwati a takardar waɗannan magunguna: kada a yi amfani da su don rage ƙiba, domin a jikin mai lafiya adadin yau da kullum ba ya rage nauyi, mai yawa kuma yana iya kai ga halaka, musamman in an haɗa da magungunan da ke zaburar da zuciya. Clenbuterol da aka ce ka ƙara yana cikin masu zaburar da zuciyar.

Mu zo kan kilo 3 ɗin da kake murna da su. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7.700. Kilo 3 cikin sati biyu na nufin jikinka ya ƙone rarar kalori sama da 1.600 kowace rana, alhali ƙwayar nan yunwa take ƙarawa, kuma na tabbata ba ka rage loma ba. Lissafin ba ya fita. Wani kaso ruwa ne da ya tafi ta gumi da yawan zagayawa, wani kaso kitse ne, wani kuma tsoka ce. Nan ne abin ya fi ba ni takaici a kanka. T3 in ta yi yawa ba ta bambanta teɓa da damtse, tana hanzarta rushewar furotin ɗin tsoka fiye da yadda jiki ke iya mayarwa. Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa ganin mai ciwon Basedow, wanda tiroyid ɗinsa ke aiki fiye da kima, ya san siffar: cinyoyi sun zube, kafaɗu sun rame, mutum in ya tsuguna sai ya dafa ƙasa ko bango kafin ya miƙe, hawan matakala ya zama aiki. Ka gwada tuna satin da ya wuce a wurin ƙarfe. Nauyin da ka saba turawa sau goma, sau nawa ka tura shi? Hannunka bai yi ta karkarwa a ƙarƙashin sandar ba? Shekara uku ka yi kana tara tsokar nan da gumi, da ƙwai da awarar da ka saya da kuɗin kabu-kabu.

Za ka ce to manyan da ake gani a Facebook da TikTok fa, ai ga su nan da tsoka. Waɗanda ke shan T3 a cikinsu galibi suna haɗawa da allurai da ƙwayoyin gina tsoka, irin su testosterone, don su tare ɓarnar da take yi. Wato magani ɗaya na rushewa, wani na toshewa, na uku na gyara abin da na biyu ya ɓata. Su kuma waɗannan alluran suna taɓa hanta da zuciya, suna sa ƴaƴan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, wani lokaci har haihuwa ta gagara na tsawon watanni ko fiye. Ango kake shirin zama, sai ka auna. Jikin da kake gani a hoton gasa kuwa ko mai shi ba ya yawo da shi duk shekara. Na ƴan kwanaki ne, bayan an ƙuntata ruwa da abinci, an shafa mai, an saita fitila.

Akwai mutumin da kowa a fadarku ya san sunansa, wanda ya riga ka gwada wannan hanya. A ranar 2 ga Oktoba 1980, a Las Vegas, Muhammad Ali ya hau dandali da Larry Holmes yana da shekara 38. Kafin damben, wani likita ya ba shi Thyrolar, magani mai haɗe da T4 da T3, shi kuma ya riƙa shan fiye da abin da aka ce. Nauyinsa ya sauko daga sama da kilo 110 zuwa kusan kilo 99, ya fito a hotuna sumul kamar Ali na shekarun baya, mutane suka ɗauka ya dawo. Da aka buga ƙararrawa, hannu ya ƙi tashi. Tun zagayen farko ya gaji, ya yi ta shan duka har zagaye na goma, inda mai horar da shi Angelo Dundee ya ce a tsaya. Tun da ya zama ƙwararren ɗan dambe, wannan ne kaɗai karon da aka ci shi kafin a kai ƙarshen wasa. Gaskiya shekaru da hutun shekara biyu sun taka rawa, ba ƙwayar kaɗai ba ce. Amma abin da nake so ka riƙe shi ne, a kan sikeli da cikin hoto ya yi kyau, ƙarfin ne babu. Kuma shi yana da likitoci kewaye da shi.

Zuciya ma tsoka ce, kuma ita ta fi jin sinadarin nan. Yana sa ta gudu, yana iya sa bugunta ya rikice ya rasa tsari, jini ya riƙa taruwa yana daskarewa a cikinta, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ana ganin haka har a matasa. Akwai wani abin kuma da ba a cika sani ba, wanda aka sha samu a masu gina jiki da ke shan T3. Mutum ya yi atisaye mai tsanani da yamma, ya zo ya cika ciki da tuwo ko shinkafa ko taliya, ya kwanta. Da asuba ya tashi zai yi alwala, ƙafafu sun mutu, hankalinsa garau amma ko juyi ba ya iyawa. A gida za a ce iska ce ko sammu, a fara hayaƙi da tofi. Alhali sinadarin fotasiyam ne ya gudu daga jini ya shige cikin tsoka, kuma in ya yi ƙasa sosai zuciya tana iya tsayawa. Clenbuterol shi ma yana saukar da fotasiyam, ga shi yana ƙara wa zuciya gudu. Asalinsa maganin buɗe hanyar numfashi ne, a ƙasashe da yawa ma dawakai ake ba. Ka ɗora wannan a kan shayin fada mai kauri, da lemun ƙara kuzari na gwangwani, da tramol in akwai mai sha a cikinku, sannan ka ɗora zafin Damagaram na Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Mai yawan T3 a jini jikinsa na ƙera zafi daga ciki ko da sanyin hunturu, balle a kan kwalta da tsakar rana. Kuma ba kai kaɗai ne a kan babur ɗin ba: matar wani ce a bayanka, da goyo.

Wani mai wayo a fada zai ce ai hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ba ta haramta T3 ba. Haka ne, ba ta cikin jerinta, clenbuterol ne ke ciki. Sai dai jerin nan an yi shi ne don tsare gasa, ba takardar shaidar lafiyar magani ba ce.

Maganar Levothyrox ta innarka kuwa, ka cire ta daga ranka gaba ɗaya, ka kuma faɗa wa abokin naka ya kiyayi bakinsa. Wanda aka cire wa tiroyid da wannan ƙwaya yake rayuwa. Likita ya auna jininta ya daidaita mata adadi, kuma ba ta da wata tiroyid da za ta cike giɓi in kwalin ya ƙare kafin lokaci. Duk ƙwayar da ka ɗauka, kasala da kumburi da sanyin jiki ka bar mata. A gare ka kuma ta fi T3 yaudara, domin Levothyrox T4 ce. T3 rabinta na barin jini cikin kamar yini guda, T4 kuwa sai ta yi kusan sati. Ka sha yau ba ka ji komai ba, gobe ka ƙara, jibi ka ƙara, tana ta taruwa, ranar da za ta bayyana ka riga ka wuce gona da iri, kuma ko ka daina sai ta yi makonni tana aiki. A 2006 a birnin Paris, mutanen da ke neman rage ƙiba sun sha wasu ƙwayoyi da wani farmasi ya haɗa da garin tiroyid na alade. Mace ɗaya ta mutu, aka kwantar da wasu a asibiti, kuma a shekarar hukumomin Faransa suka hana haɗa irin wannan magani don rama. A farmasi mai lasisi ke nan, da takardar likita.

Tunda aure ne ya tayar da maganar, bari in faɗa maka abin da abokinka bai faɗa ba. Yawan sinadarin tiroyid a jikin namiji yana da alaƙa da saurin kawowa, da raunin gaba, da raguwar kuzarin maniyyi, wasu ma nono ke kumbura musu. Ga saurin fushi da rashin natsuwa. Galibi duk suna warwarewa in sinadarin ya koma daidai. Amarya dai ba da sikeli za ta tare ba.

In ka je wurin likita, ka faɗi gaskiya tsirararta: ga abin da na sha, ga ranar da na fara, ga yawansa, ga kwalin. Kada kunya ta sa ka ce haka kawai ka wayi gari gabanka na faɗuwa. In ka ɓoye, awon jini zai nuna TSH ta yi ƙasa, a ɗauka ciwon Basedow ne, a ɗora ka a kan maganin danne tiroyid wanda ba ka buƙata. Zai duba bugun zuciya da hawan jini, mai yiwuwa ya sa a yi maka ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, da awon TSH, T4, T3 da fotasiyam. In ya ga dama zai ba ka maganin da ke lafar da bugun na ɗan lokaci. Kada ka je ka saya da kanka wurin masu tallar magani, domin irinsa yana da haɗari ga mai asma. Ƙarfe mai nauyi kuma ka ajiye shi har sai bugun ya koma daidai.

Bayan ka daina, akwai ƴan makonni marasa daɗi. Tiroyid ɗinka da ta ja baya ba ta farfaɗowa dare ɗaya. Za ka iya jin kasala, barci, jin sanyi, ciki ya ɗaure, kuma kilo ɗaya ko biyu su dawo. A daidai nan ne mutane ke tsorata su koma wa ƙwayar. Ka daure. Ga wanda ya sha na ɗan gajeren lokaci kamarka, abin da aka saba gani shi ne komai ya koma yadda yake cikin makonni. Likitan zai sa maka ranar sake awo, ka je ko da ka ji garau.

Teɓar kuma tana da hanyarta, sai dai ba ta da armashin labari a fada. Ka fara da igiyar awo ta tela, ka auna cikinka daidai cibiya: abin nema shi ne ya kasance ƙasa da rabin tsayinka, wato ƙasa da santimita 87. Rage rabin kilo zuwa giram 800 a sati ya isa, shi ne saurin da tsoka ke iya jurewa. In wata uku ya rage kafin biki, kilo 6 zuwa 10 ke nan, kuma a jikin da ya riga ya yi ƙirji da kafaɗa wannan ba ƙaramin canji ba ne.

Ni in za a tambaye ni, daga butar shayi zan fara. Ka tsaya yau da dare ka kalli hannun mai dafa muku shayi lokacin da yake zuba sukari a na farko, da na biyu, da na uku, sannan ka tuna sau nawa kake zama a yini. Kwalbar Coca-Cola ta santilita 33 tana da sukari giram 35. Cokalin cin abinci ɗaya na mai ya kai kalori 120, ka kuwa san yadda ake malala shi a kan shinkafa da wake. Alkaki da nakiya ka bar wa ranar biki. Tuwo ba sai ka bar shi ba, ka rage malmala ka ƙara miya da ganye, zogale da rama da kabeji. Furotin kake buƙata wajen giram 140 a yini, a raba shi sau uku ko huɗu: ƙwai ɗaya giram 6 ne, wake busasshe giram 100 ya haura giram 20, ga awara, nono marar sukari, kifi, ƙuli-ƙuli, kilishi ranar da aljihu ya yarda, da fara in lokacinta ne. Ƙarfe kuma, in likita ya sallame ka, ka ci gaba da mai nauyi yadda ka saba, domin shi ke sanar da jiki cewa ana buƙatar tsokar. Atisayen ciki ɗari biyu ba ya cire kitsen ciki, jiki daga ko'ina yake ɗiba, kuma a wurin maza teɓa ce ke tafiya a ƙarshe. Sana'arka ta zama ce wuni guda, don haka ka ƙara tafiyar ƙafa ta rabin awa ko fiye bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe. Barci ya kai awa bakwai, ko da hirar fada za ta ragu.

Sauran ƙwayoyin kada ka mayar wa abokinka, don wani zai miƙa wa, ka kai wa likita ko farmasi. Kuma ina zaton ba kai kaɗai ya ba a fadar ba. Ka dubi wanda hannunsa ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, ko wanda ke ta fifita alhali kowa na jin daidai, ka ja shi gefe ku tafi asibitin tare. In sakamakon awon ya fito, ka rubuto mini da lambobin TSH da T4 mu duba.